Biskit ɗin masu ciwon suga: Ga gyaɗa a gida, me ya kai mu neman almon?

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka sa ranar biki ko suna, gidajen Birnin Kudu da Gwaram kan cika da ƙamshin suyar cincin da dubulan da alkaki. A kusan kowane babban gida kuma akwai dattijo ko dattijuwa da za a ajiye wa faranti a gaba, su dube shi su kau da kai, saboda likita ya ce jininsu ya ɗauki suga. Wasu kan daure. Wasu kuma kan faki idon 'ya'yansu su ɗauki biyu ko uku, kashegari a kwana ana fitsari ana jin ƙishirwa. Wanda bai taɓa zama da mai wannan lalura ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Amma a al'adar da ake nuna ƙauna da girmamawa ta hanyar abinci, hana mutum abin da kowa ke ci a ranar farin ciki wani nau'i ne na ware shi daga jama'a.

Wannan ne ya sa wani biskit ya samu karɓuwa a 'yan shekarun nan a tsakanin matanmu masu bibiyar girke-girke a Facebook da WhatsApp. Ana yin sa da garin almon, wato 'ya'yan itacen nan da Larabawa ke kira lauz, ana kuma tallata shi da kirari biyu: ba shi da gulutin, kuma ba ya tayar da suga. 'Ya'ya masu son iyayensu kan yi saƙon garin daga manyan kantunan Kano ko Abuja, a kuɗin da zai sayi kwanuka da dama na gyaɗa a kasuwar garinsu. Niyyar tana da kyau, dabarar ma tana da tushe a ilimi. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne ko tilas ne sai da almon, da kuma abin da kirarin nan biyu ke nufi a zahiri.

Asalin wannan biskit daga ƙasar Sukotlan yake, a arewacin Birtaniya, inda ake yin sa domin bukukuwa da shigowar sabuwar shekara. Ma'auninsa na gargajiya mai sauƙi ne: kashi ɗaya sukari, kashi biyu man shanu, kashi uku fulawa. Ba ruwa, ba yis. Abin da ake nema a cikinsa shi ne ya ruguje a baki da zarar an gatsa. A nan ne sirrin yake. A cikin alkama akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda kan farka idan fulawa ta haɗu da ruwa aka kuma murza ta. Shi ne ke sa kwaɓin burodi ya yi ja kamar roba, ya riƙe iska ya kumbura. Shi ne kuma ke ba taliya da gurasa da finkaso jikinsu. Mai wannan biskit kuwa gudun danƙon yake yi, shi ya sa yake lulluɓe fulawar da mai tun kafin ta ga ruwa. Tunda abin ba ya bukatar gulutin tun asali, cire fulawar a sa wani gari a madadinta ba ya ɓata shi. Wanda ya gwada haka da burodi zai sha mamaki, amma a wannan biskit musayar tana tafiya daidai.

To me ya sa aka zaɓi almon? Lissafi ne. A cikin giram 100 na farar fulawa akwai kimanin giram 76 na sitaci da danginsa, waɗanda ciki kan mayar da su suga su shiga jini. A giram 100 na almon kuwa kimanin giram 22 ne, fiye da rabinsu ma dusa ce wadda hanji ba ya narkarwa. Sauran nauyin mai ne da sinadarin gina jiki. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 19 wani likita a Landan mai suna Frederick Pavy ya riƙa ba masu ciwon suga shawarar cin burodin almon, domin a lokacin babu wani magani sai kiyaye abinci. Sai a shekarar 1921 aka gano allurar insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Turawa sun ɗauki almon ne saboda shi ne a kusa da su. A yau jihar Kalifoniya ta Amurka ce ke noma kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya, itacen kuma yana bukatar sanyin hunturu irin na can kafin ya yi fure, don haka ba abin da za mu shuka a fadamun Gwaram ba ne.

Yanzu mai karatu ya ɗora gyaɗarmu a kan wannan sikeli. A giram 100 na gyaɗa akwai kimanin giram 16 na sitaci da danginsa, kusan rabinsu dusa. Mai kimanin giram 49. Sinadarin gina jiki kimanin giram 26. Ma'ana, a kan ainihin abin da ya sa ake sayen almon, gyaɗa ta fi shi ƙarancin sitaci, ta kuma fi shi gina jiki. Riɗi ma, wanda Jigawa ta yi suna a nomansa, yana da kimanin giram 23, rabinsu dusa, wato kafaɗa da kafaɗa yake da almon. Babu ɗigon gulutin a cikin ko ɗaya daga cikinsu. Almon ya fi su wasu sinadarai, kamar bitamin E, ɗanɗanonsa kuma ba shi da ƙarfi, shi ya sa yake shiga kowane haɗi ba tare da ya mamaye shi ba. Amma ga wanda burinsa kada sugan mahaifiyarsa ya tashi, wannan bambanci bai kai a tura kuɗi Kalifoniya ba. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A gwada lissafin a kan biskit ɗin kansa. Idan aka bi ma'aunin Sukotlan da sukari giram 100, man shanu 200, fulawa 300, za a samu kwaɓi mai nauyin giram 600 wanda fiye da giram 320 nasa sitaci ne da sukari, wato sama da rabi. Idan aka cire fulawar aka sa garin gyaɗa giram 300, aka kuma janye sukarin, abin da ya rage bai kai giram 50 ba, rabinsa ma wucewa zai yi ba tare da ya shiga jini ba. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Sai dai akwai ruɗani guda da ya kamata a warware, domin yana cutar da mutane. Rashin gulutin daban, ƙarancin sitaci daban. Masu talla ne suka ɗaure su da igiya ɗaya. Guje wa gulutin wajibi ne ga masu wata cuta ta hanji da likitoci ke kira siliyak, wadda ke kama kimanin mutum ɗaya cikin 100 a duniya. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙarta da alkama. Ya lura cewa a lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma suka koma gidan jiya. Ga irin waɗannan, ko ɗan ɓurɓushin fulawa illa ne. Ga sauran jama'a kuwa, babu wata hujja tabbatacciya da ta nuna cewa barin gulutin kaɗai yana rage suga ko ƙiba.

In da rashin gulutin ne lafiya, da babu mai ciwon suga a ƙasar Hausa ta da. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, rogo, dankali, duk babu gulutin a cikinsu. Tuwon shinkafa ba shi da gulutin, amma duk mai na'urar auna suga a gida ya san abin da malmala biyu ke yi masa. Haka garin rogo, haka kunun da aka zuba wa sukari. Saboda haka idan aka ga leda an rubuta mata cewa babu gulutin, wannan bai ce komai ba a kan suga. Sau da yawa ma garin shinkafa ko na rogo ne a ciki.

A ɗaya gefen kuma akwai tsohon imanin da ya zauna daram a garuruwanmu, cewa tuwon alkama shi ne abincin mai ciwon suga, a ci iya ci. Ga shi nan abin ya zama wasan kwaikwayo: ɗiya a birni tana cewa a guji alkama, maƙwabciya a gida tana cewa a dage da alkama. Gaskiyar ita ce garin alkama da aka niƙa da dusarsa yana da kimanin giram 72 na sitaci a cikin 100, dusarsa kuma kimanin giram 11. Ya fi farar fulawa, amma idan injin ya niƙa shi lukui aka tuƙa aka cika kwano, suga zai tashi. Abin da ke aiki shi ne yawan sitacin da ya shiga ciki a zama ɗaya, da kuma abin da ya raka shi na ganye da wake da nama ko kifi.

Ga yadda za a iya yin biskit ɗin da kayan gida. A samu gyaɗa mai kyau, a soya ta sama-sama a yashi, a murje ɓawon a fece. A daka ta a turmi a hankali ana tankaɗewa da rariya, domin idan aka matsa mata ko aka kai ta injin markaɗe mai zai fito ta zama tunkuza. A auna gwangwanin madara biyu na wannan gari, rabin gwangwani na riɗin da aka wanke aka soya aka daka, da rabin gwangwani na garin aya busasshiya da aka tankaɗe. A zuba man shanu cokali uku, domin gyaɗa da riɗi sun zo da nasu man, ba sa bukatar yawan da fulawa ke sha. A fasa ƙwai ɗaya, shi ne zai riƙe kwaɓin a madadin danƙon alkama. A sa ɗan gishiri da garin citta ko kirfa. A haɗa da hannu, a baje a faranti da kaurin ɗan yatsa, a yanka, a tsattsaga da cokali mai yatsu. Mai obin ya gasa a zafin digiri 160 zuwa 170 na minti 12 zuwa 15. Wadda ba ta da shi ta zuba yashi a babbar tukunya ta ɗora a kan gawayi mai sanyin wuta, ta sa farantin a kan yashin ta rufe, kamar yadda ake gasa kek a ƙauyukanmu. Garin gyaɗa ya fi fulawa saurin ƙonewa, don haka da gefensa ya yi ja a sauke. Kada a taɓa shi da zafi, domin zai watse. Sai ya huce sarai yake kama jikinsa.

Saura batun zaƙi, wanda a nan ne aka fi zamewa. Da yawa kan cire sukari su zuba zuma ko dabino ko mazarƙwaila, da tunanin cewa na Allah ne ba na kamfani ba. Zuma abu ce mai daraja da albarka, dabino ma haka, babu mai ja. Amma kimanin kashi 80 cikin 100 na zuma suga ne, busasshen dabino kuma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Jini ba ya tambayar daga ina suga ya fito. Aya ma, da na sa kaɗan a ma'aunin, ta fi gyaɗa sitaci da suga nesa ba kusa ba; an sa ta ne domin ɗan zaƙinta da ƙamshinta, shi ya sa ba a mayar da ita uwar haɗin ba. Wanda bai gamsu ba zai iya tambayar likitansa game da ƙwayoyin zaƙi marasa suga da ake sayarwa a kyamis. Hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce a bi harshenmu na asali: a yi shi da gishiri da yaji-yaji kamar ƙuli-ƙuli. Bahaushe bai taɓa raina ƙuli don ba shi da zaƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa ko mai lafiya ya fi masa alheri kada sukarin da yake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin ƙaramin cokali shida a yini. Kofin shayi ɗaya a teburin mai shayi kan kusa cinye wannan kaso.

Zuma da zaƙi da harbi, in ji Hausawa, kuma wannan biskit yana da nasa harbin. Na farko, nauyi gare shi. Giram 100 na gyaɗa na ɗauke da ƙarfin abinci kimanin kalori 567, alhali fulawa 364 ne. Wanda ya zauna ya cinye faranti don an ce ba ya tayar da suga, ƙiba zai tara, ƙiba kuwa ita ce babbar ƙawar ciwon suga. Guda biyu ko uku sun isa. Na biyu, wanda ke shan ƙwayoyin da ke saukar da suga ko yake yin allurar insulin, idan ya yanke tuwo da shinkafa dare ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas, ya yi gumi da rawar jiki har ya suma. Irin wannan sauyi sai da sanin likita, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a asibitin da ya fi kusa. Na uku, mai ciwon ƙoda yana da nasa ƙa'idojin a kan gyaɗa da danginta, haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa kwata-kwata.

Harbi na huɗu shi ne ya fi damuna, domin ba a ganinsa da ido. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a danshi, kan yi fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Gubar tana lalata hanta, tana haddasa sankarar hanta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Suya da gashi ba sa kawar da ita. Al'adar da ake yi ta sayar da zaɓaɓɓiyar gyaɗa a bar motsattsiya da mai ɗaci domin miya da ƙuli, juya ta ya kamata a yi. Duk wadda za ta yi wa iyayenta wannan biskit ta zauna ta tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, ta zubar da wadda ta canza launi ko ta fashe ko ƙwaro ya huda. Ga manoma kuma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin rage wannan fumfuna tun daga tushe. Shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, da ɗora buhuna a kan katako, su ma suna taimakawa matuƙa.

Bayan lafiya akwai batun arziki. Ƙasar da ta taɓa gina dalar gyaɗa a Kano, kafin fari da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 su durƙusar da ita, yau ita ce ke sayen garin almon a leda. Riɗinmu yana bi ta Maigatari da Dawanau ya tafi Japan da Sin da Turkiyya ɗanye. Ayar da ake nomawa a yankin Maradi ana kai ta Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin kunun ayarsu da suka yi suna da shi, garinta kuma ana sayar da shi a Turai da tsada a matsayin garin da babu gulutin. Mu kuwa muna kashe kuɗin waje a kan alkama, wadda mafi yawan abin da muke ci nata shigo da shi ake yi. Matan Birnin Kudu da Sara da Gwaram da suka gaji sana'ar mai da ƙuli daga kakanninsu sun riga sun mallaki rabin ilimin da ake bukata. Abin da ya rage musu shi ne tsabtar tsince gyaɗa, ma'auni tsayayye, leda mai kyau da rajistar NAFDAC. Kasuwa kuwa tana nan: Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar, kuma a Afirka fiye da rabin masu ita ba su ma san suna da ita ba.

Mu ma da ke jami'o'i akwai aiki a gabanmu. Alƙaluman da na kawo a sama daga ma'aunan ƙasashen waje suke. Ya kamata a ce Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa sun haɗa kai da likitocin Birnin Kudu an auna yadda tuwon dawa da ɗanwake da fura da dambu da alala ke motsa sugan mutanenmu, a wallafa sakamakon da Hausa, a liƙa a kowane ɗakin shan magani, a karanta a rediyo. Mai lalurar da ke Basirka ko Babaldu ba ya bukatar jerin abincin da bai taɓa gani ba. Yana bukatar a gaya masa ludayi nawa, malmala nawa, da me zai haɗa.

Kafin wannan ya samu, abin da ke hannun kowane gida ba kaɗan ba ne. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a auna shi da safe kafin ya karya. Idan awon ya kai 7.0 ko sama, a maimaita, a ga likita. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ranar ciwon suga ce ta duniya, amma ba sai an jira ta ba. Idan Sallah ta zo kuma, a ware wa Baba da Inna nasu farantin na gyaɗa da riɗi, a ajiye shi kusa da na kowa, su ma su miƙa hannu tare da jikokinsu ba tare da fargaba ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.